Ra'ayinmu: Tun daga aji biyu ake barin yaranmu a baya

A watan Oktoban 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya ba da umarni a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen gida, daga baya ma'aikatarsa ta yi bayanin cewa ana nufin daga ajin yara na KG zuwa aji uku na firamare. Mun yi maraba da wannan magana. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a Salaga ko Yendi ko Bawku, tambayar da za ta fara zo masa ita ce, harshen gidan wa?

Kafin mu zo kan wannan, bari mu faɗi girman ciwon tukuna. A 2013, da kuma 2015, hukumar ilimi ta Ghana da tallafin Amurka ta gwada karatun yara 'yan aji biyu a faɗin ƙasa. Abin da aka samu shi ne, cikin yara ɗari, waɗanda ke iya karatu tiryan-tiryan su kuma fahimci abin da suka karanta ba su wuce biyu ba. Kusan rabi kuwa ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba. A lissafi ma haka, yaro ya san lambobi in an nuna masa, amma da an ba shi ɗebewa mai ɗan nauyi, fiye da rabinsu ko ɗaya ba su ci ba. Ba Ghana kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi.

Waɗannan yara fa ba waɗanda ke yawo a tasha ba ne. Yara ne da aka ɗinka musu kayan makaranta, suna tashi da safe su tafi, suna cin abincin da gwamnati ke dafawa in ya samu. Uwa tana gani ɗanta ya fita da jaka ya dawo da jaka, hankalinta kwance. Ana ta tura shi gaba aji bayan aji, har ya kai jarrabawar BECE, sannan asiri ya tonu. A lokacin sai a ce yaron ba shi da kai, ko a ce an yi masa hannu. Alhali tun yana ɗan shekara bakwai aka bar shi a baya, babu wanda ya waiwaya.

Tun Satumban 2017 da aka fara sakandare kyauta, kusan duk gardamar ilimi a ƙasar nan ta koma can sama: ɗakunan kwana, abincin ɗalibai, tsarin shiga bi da bi. Ba mu raina shirin ba, 'ya'yan zango da yawa sun amfana. Amma yaron da bai iya karatu a aji uku ba, wace sakandare zai kai balle a ce masa kyauta ce? Ana ta gyaran jinka, gindin bango yana zaizayewa.

To, mu dawo kan harshe. Wannan ba shi ne karo na farko da aka juya akalar ba. A 2002 gwamnati ta ce Turanci zalla tun daga aji ɗaya, bayan 'yan shekaru aka janye, sannan aka kawo shirin NALAP da harsunan ƙasa goma sha ɗaya. A arewa, waɗanda suka shiga jerin su ne Dagbani da Gonja da Dagaare da Kasem. Babu Kusaal a jerin, babu harshen Konkomba, babu Hausa. Ka duba abin da wannan ke nufi a ƙasa. A Salaga littafin aji na Gonja ne, amma a ajin akwai ɗan zango da ya tashi da Hausa, akwai ɗan Nawuri, akwai ɗan Konkomba. A Yendi ɗan Dagomba ya dace, tunda Dagbani na da littattafai, ɗan Konkomban da ke ƙauyukan kewaye kuwa sai dai ya bi yarima. A Bawku abin ya fi cakuɗewa, ga Kusaal, ga Mampruli, ga Bisa, ga Mosanci, ga Hausar kasuwa da kusan kowa ke ji, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ya cikin sha ɗayan nan. Sau da yawa kuma malamin da aka turo daga kudu bai ji ko guda ba. Sai ya koma ga abin da ya rage masa: ya rubuta Turanci a allo, ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi. Wanda ya wuce ta bayan taga zai ce karatu ake yi.

Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana karanta labarai da Hausa. Lokacin zaɓe, babu jam'iyyar da ba ta yin talla da Hausa. In za a yi rigakafi, da Hausa ake shela a zango. Gwamnati ta san harshen in tana son ƙuri'armu ko haɗin kanmu, a aji ne kawai yake zama baƙo. Hujjar da ake kawowa ita ce wai Hausa ba harshen asalin ƙasa ba ne. Yaron da aka haifa a Salaga, kakansa ma a nan aka binne cibiyarsa, ba shi da wata ƙasa sai wannan, kuma ba shi da wani harshen da yake mafarki da shi sai wannan.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce a ɗora Hausa a kan Gonja a ƙasar Gonja ba, ko a kan Dagbani a ƙofar fadar Ya-Na. A Bawku kuwa, inda komai ke iya zama fitina, mun san maganar harshe garwashi ce, dole a ɗauke ta da hankali. Abin da muke nema mai sauƙi ne. A ƙirga yaran kowace makaranta, a san harshen da suka zo da shi. Inda masu Hausa suka fi yawa, a ba su littafin Hausa da malami mai jin Hausa, inda masu Kusaal suka fi yawa a yi musu haka. Littattafan Hausar ma ba sai an faro daga tushe ba. A arewacin Najeriya an yi shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauci, an yi RANA a Katsina da Zamfara, duk don koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa. Za a iya ɗaukowa a gyara, don Hausarmu ta nan tana da nata salo, kuma yaron Salaga sidi ya sani, bai san naira ba.

Akwai iyaye da yawa a cikinmu da ba su yarda da wannan ba, kuma ba wawaye ba ne. Suna cewa jarrabawa da Turanci ake yi, aiki da Turanci ake nema, Hausa kuwa yaro ya riga ya iya ta a gida, don me za a ɓata masa shekara uku? Shi ya sa mai ɗan hali ke kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi inda ake tarar yaro in ya yi yaren gida. Amsar tana Yendi. A 1995 aka fara shirin School for Life a yankin Yendi da Gushegu da Karaga, da taimakon mutanen Denmak. Ana ɗaukar yaran da ba su shiga makaranta ba, 'yan shekara takwas zuwa sha huɗu, a koya musu karatu da lissafi da harshensu, da yamma bayan sun dawo daga gona ko kiwo. Mai koyarwar ɗan garin ne da jama'a suka zaɓa, ba mai digiri ba. Wata tara kacal. Yaran nan suna fitowa suna karatu, da yawansu suka shiga firamare a tsakiyar aji, suka kama Turanci ba su sha wuyar da ake tsoro ba. Nasarar ce ta sa daga baya gwamnati ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi. Dalilin a fili yake. Haɗa baƙi ya zama kalma sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi saurin shiga in kalmar da ta fito yaro ya san ta. In ya iya, sai ya ɗauki dabarar ya kai ta Turanci. Abin kunya dai shi ne, abin da ɗan sa-kai ya yi a wata tara a gindin bishiya, makaranta mai gini da albashi ta kasa yi a shekara uku.

Mu kuwa ai bai kamata wani ya zo ya koya mana wannan ba. Makarantar allo da haka take tafiya tun kaka da kakanni: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan haɗawa, kuma malam ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya daidai. Kowane yaro da inda ya tsaya, ba a tura shi gaba don shekara ta ƙare. Masanan ilimi na zamani da ke cewa a koyar da yaro daga matakin da yake, abin da malam ke yi a zaure ke nan. Salaga kuma gari ne na alƙalami kamar yadda yake garin goro. A nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna ya karantar kafin ya koma Kete Krachi bayan yaƙin basasar 1892, inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami da har yau jami'o'i ke nazari. Fataken da suka yi ta kai goro Kano da Sakkwato suna riƙe lissafin dubban goro da wuri ba tare da na'ura ba. Yau jikanyarsu tana tallan koko, ka ba ta sidi ashirin ta ba ka canji ba kuskure, amma a rubuta mata wannan lissafin a takarda sai ta tsaya tana kallo. Ba lissafin ne ba ta iya ba. Babu wanda ya nuna mata cewa abin da ke allo shi ne abin da take yi a kasuwa.

Sai dai a faɗi gaskiya, makarantar allo tana koya wa yaro furta Larabci, ba ta cika tsayawa kan fahimta ba a shekarun farko, kuma lissafi ba ya cikinta. Ga makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987 don haɗa karatun addini da na boko. Waɗannan namu ne, mu muka gina su, limamanmu da sarakunan zango ke da ta cewa a cikinsu. In har akwai inda ya kamata a fara gwada koyar da ƙananan aji da harshen gida yadda ya dace, nan ne. Amma sau nawa kwamitin makaranta ya zauna ya tambayi yara nawa ne a aji biyu ke iya karanta layi ɗaya? An fi zama kan wa zai gaji kujerar mai makaranta.

Laifinmu na gida ma yana nan. Shekara biyu na KG sun shiga cikin karatun dole tun gyaran 2007, amma har yanzu ana riƙe yaro a gida sai ya kai bakwai ko takwas, wai bai yi wayo ba. Ranar kasuwa aji ya zama rabi. Yarinya tana aji huɗu a tura ta Kumasi ko Accra ɗaukar kaya. Kuɗin ankon biki ɗaya zai sayi littattafan labari da za su ishi gida guda shekara.

Bawku tana buƙatar magana ta daban. Tun ƙarshen 2021 da rikicin sarauta ya sake tashi, an sa wa garin dokar hana fita, ma'aikata da malamai da dama sun nemi canjin wurin aiki, iyalai sun watse. Babba in kasuwarsa ta tsaya wata shida zai iya farfaɗowa. Yaron da ya rasa aji ɗaya da aji biyu, ba a mayar masa da su. Ba mu da bakin cewa wane ne mai gaskiya a rikicin, amma duk shirin zaman lafiyar da za a yi, a sa ajin cike gurbi na yaran da suka yi asarar waɗannan shekaru a cikinsa, irin na wata taran nan da aka gwada aka ga amfaninsa, kuma a yi wa malaman da suka tsaya ba su gudu ba wani abin a zo a gani.

Batun kuɗi kuwa, a 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don shirin GALOP, da nufin ɗaga makarantu dubu goma da suka fi rauni. Muna so 'yan majalisarmu na Salaga da Yendi da Bawku su nemo mana sunayen makarantun mazaɓunsu da ke ciki, da abin da ya sauya a karatun yaran, ba yawan bitar da aka yi a otal ba. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, ya kamata ya ware wani kaso na buga ƙananan littattafan Hausa, ko da filin ƙwallo ɗaya zai jira. Kuma tunda hukumar agajin Amurka da ta ɗauki nauyin yawancin aikin karatun yara ta rufe a 2025, babu sauran jiran baƙo.

Kafin su amsa, akwai abin da kowane mai gida zai iya yi yau bayan magariba. Kira ɗanka ko 'yarka da ke aji biyu ko uku. Kada ka ba shi littafinsa na makaranta, don wataƙila ya haddace. Rubuta gajerun kalmomi biyar a takarda, ko ka sa wani ya rubuta, ka ce ya karanta. Sannan ka rubuta masa 19 a ɗebe 6. In ya kasa, kada ka dake shi, kada ka zagi uwarsa. Gobe da safe ka ɗauki takardar ka je wurin shugaban makaranta, ka tambaye shi a wane wata ne yaron zai iya, sannan ka koma a watan.