Arziki a Gida, Hayaƙi a Maƙwabta

Masu iya magana kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haka sha'anin bunƙasar masana'antu yake, domin riba takan tsaya a ƙasar da ta kafa su, shi kuwa hayaƙi bai san iyakar ƙasa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tashoshin lantarki masu ƙona kwal sun bunƙasa a Ingila da Jamus, aka gina musu dogayen bututu don kada hayaƙi ya dami mutanen gari. Sai iska ta riƙa kwasar hayaƙin farar wuta zuwa Nowe da Suwidin, yana saukowa cikin ruwan sama, har kifi ya ƙare a tafkuna da dama. Koken waɗannan ƙasashe ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Janiba ta 1979. A 1985 ƙasashe suka amince su rage wannan hayaƙi da kashi 30 cikin ɗari, Ingila ta ƙi sa hannu.

Ɓarnar ba ta tsaya a Turai ba. Binciken masana yanayi ya nuna cewa hayaƙin Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Tekun Atlantika, damina ta ja baya zuwa kudu, wanda hakan ya ƙara tsananta farin da ya cinye dabbobi da amfanin gona a yankin Sahel, musamman a 1973 da 1984. Iskar kabon kuwa ta fi wannan muni, domin takan daɗe a sararin sama shekaru aru-aru tana ɗumama duniya. Abin da Afirka ke fitarwa bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma manomanta na cikin masu shan wahalar.

Sai dai wanda aka zalunta bai kamata ya gaji halin azzalumi ba. Nijeriya ta kafa doka a 1979 wadda ta haramta ƙona iskar gas a rijiyoyin mai daga 1984, wa'adin ya wuce ba a daina ba.

Babu mai hankalin da zai ce talaka ya haƙura da lantarki. Abin da ya wajaba shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma su haɗa kai su auna hayaƙinsu, su ɗora kuɗin gyara a kan mai ɓarna. Arzikin da aka ƙidaya ba tare da asarar maƙwabci ba, lissafin dokin Rano ne.