Zaman Tare: Ƙaunar da Ba Ta Jiran Lada

A kwarin Tarka da sauran ƙasar Damargu, kusan kowa Musulmi ne. Amma mutane da dama sun taɓa kai majinyaci Galmi ko Danja, inda Kirista suke aikin magani. Wasu suna tambaya: me waɗannan mutane suke nema?

A addininsu, ƙaunar maƙwabci tana biye da ƙaunar Allah wajen girma. Kuma maƙwabci a wurinsu shi ne duk mutumin da yake cikin wahala, ko dangi ne ko baƙo. Linjila ta kawo misalin da Yesu Almasihu ya bayar. Ƴan fashi suka doki wani matafiyi, suka bar shi a hanya. Manyan addini biyu suka gan shi, suka wuce. Sai wani Basamariye, ɗan ƙabilar da ake ƙyama, ya tsaya. Ya ɗaure masa raunuka, ya ɗora shi a dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya kuɗin jinya daga aljihunsa. Bai san sunansa ba, bai jira godiya ba.

Wannan koyarwa ce ta kawo ƴan mishan na ƙungiyar SIM ƙasar Nijar. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. A 1956 suka buɗe gidan kutare a Danja, kudu da Maraɗi. A lokacin, kuturu ba shi da masoyi. Ana yi masa bukka bayan gari, ana ware masa ƙwarya, ba a gaisawa da shi hannu da hannu. Ma'aikatan Danja, baƙi da ƴan ƙasa, suka riƙa wanke gyambon kutare suna ɗaurewa. Linjila ta ce Yesu da kansa ya taɓa kuturu. Su ma abin da suke bi ke nan. Yawancin majinyatan Musulmi ne.

A 2012 aka ƙara wani sashe a Danja domin mata masu yoyon fitsari. Wannan ciwo yana samun macen da ta daɗe tana naƙuda babu taimako, musamman yarinya ƙarama. Sau da yawa miji yakan sake ta saboda wari. A Danja ana yi wa irin waɗannan mata aiki, da yawansu su koma gida lafiya.

To, mutumin Tarka ba sai ya je Maraɗi ba kafin ya ga wanda aka guje. Akwai shi a ƙauyuka da rugage. Ga abin da ya kamata kowa ya sani.

Kuturta ba la'ana ba ce, ba gado ba ce, ba sammu ba ne. Ƙwayar cuta ce. Alamarta ta farko tabo ne mai haske a fata, wanda ba ya jin zafi ko an tsikare shi. Maganinta ƙwayoyi ne da ake sha wata 6 ko wata 12. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, take ba da su kyauta. Wanda ya fara sha ba ya harbin kowa. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsu. Tsoron wulaƙanci ne yake sa mutum ya ɓoye ciwonsa har hannu ya lalace.

Saboda haka, wanda ya ga irin wannan tabo a jikin ɗan'uwa, ya raka shi gidan likita na Belbeji ko Tanut. Macen da naƙuda ta wuce yini guda, mai amalanke ya ɗauke ta ba tare da ciniki ba. Wadda ta kamu da yoyo, kada a kore ta, a nema mata magani.

Musulunci ma ya girmama haƙƙin maƙwabci, kuma Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba kowa lafiya da zama lafiya.