Maƙeran Tasawa da Mayahi, ga kasuwa a ƙofar gida

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai gyaran salula a Tasawa ya ga yadda ake fama: hannu ɗaya riƙe da allon wayar, ɗayan da ƙarfen narka dalma, allon kuwa sai zamewa yake. Dalmar nan ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 180, kuma kuskuren rabin milimita ya isa ya kashe waya ko kwamfutar mutum. Abin da ya rage wa masu gyaran nan shi ne mariƙi, ɗan ƙarfen da zai danne kaya ya hana shi motsi. A masana'antun Sin da Jamus, kafin a huda ko a goge ƙaramin ƙarfe, sai an ƙera masa mazauninsa: tudu uku a ƙasa, biyu a gefe, ɗaya a goshi, sannan a matse. Shi ke nan, ko guda dubu za a yi, ramin wuri ɗaya zai faɗa. To, me ya gagari maƙeri a nan? Wanda ya ƙera awartaki da hauya, ya zuba tukunyar alminiyam, ai ba ƙwarewa ya rasa ba, ma'auni ya rasa. Amma har yau 'yan mariƙan da ake gani daga Kano ko Maraɗi ake sayo su, yawanci ƙirar Sin. Ni a ganina, cibiyoyin koyon sana'a na Tasawa da Mayahi su haɗa maƙera da masu gyara a aji ɗaya, su koya musu awon milimita. Magadan gari, ku taimaka musu da kayan awo.