Kafin ka yi mafarkin Dubai, fara gwada fasfonka a Ghana: wayarka ce za ta rage maka kuɗin tafiya



Kusan duk mako sai wani ya turo min saƙo: "Malam, nawa zan tara in fita waje?" In na ce ina za ka, amsar ba ta wuce uku: Dubai, Turkiyya, Ingila. In na ce ka taɓa tsallaka boda kuwa, sai ya ce a'a. To yau ra'ayina zan faɗa, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Tafiyarka ta farko ka yi ta kusa, ka kuma shirya ta da kanka a wayarka. Abin da ke talauta matafiyi rashin sani ne, ɗan uwa, kuma shi ake biya da tsada: ajan ya ci, mai tasi ya ci, kamfanin layi ya ci.

Me ya sa na ce Ghana? Na farko, babu maganar biza. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, ɗan Najeriya na da damar shiga Ghana ya zauna har kwana 90 ba tare da ita ba. Ka ga ƙofar da 'yan damfara suka fi shigowa ta nan an rufe ta ke nan. Na biyu, ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu. Kakanninmu fatake da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja saro goro, har suka kafa zango-zango. Yau in ka shiga Nima ko Sabon Zango a Accra, ko Aboabo a Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki. Wani zai ce ai Ghana ba waje ba ce. To ka je ka gani: kuɗi daban, layin waya daban, agogo ma daban, don suna bayanmu da awa ɗaya. Duk darasin da za ka koya a Dubai da tsada, a nan za ka koye shi da sauƙi.

TAKARDU

Fasfo da kanka za ka cike shi a shafin hukumar shige da fice, da lambarka ta NIN, ka biya ta intanet. In kana da shi, duba ranar ƙarewarsa, ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Sai katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawan. Kar ka bar shi sai ana gobe tafiya, domin sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Daɗin abin, sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Kuma don Allah ka je a yi maka allurar, kar ka sayi kati a hannun wani. Jikinka kake cuta.

Kana gamawa, ɗauki hoton fasfo da katin da tikiti, ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa mutum ɗaya a gida. Ranar da jaka ta ɓata za ka gode min.

TIKITI

Buɗe Google Flights ko Skyscanner, sa Legas ko Abuja zuwa Accra, amma kar ka kafe a kan rana ɗaya. Buɗe kalandar, za ka ga farashin kowace rana a jere. Sau da yawa matsar da tafiya da kwana biyu kawai na rage kuɗi sosai. Kunna bibiyar farashi, za su riƙa turo maka imel in ya sauka. Ka guji Disamba, lokacin Accra cike take da baƙi, komai ya tashi.

In ka samu wanda ya yi maka, je ka saya a shafin kamfanin jirgin kai tsaye. In kuma dole sai ta hannun ajan, karɓi lambar bukin ɗinka, haruffa da lambobi shida ne, ka shigar da ita tare da sunan mahaifinka yadda yake a fasfo a shafin kamfanin, ka ga da idonka cewa an biya. Akwai masu kama kujera kawai su buga maka takarda, sai ka je filin jirgi da jakarka a ce babu sunanka. Sannan duba ko farashin ya haɗa da kaya. Araha ba ta ado.

Mota fa? Daga Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, jirgi kusan awa ɗaya, amma a mota yini guda ne, saboda boda uku: Seme, sai tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Ta fi sauƙin kuɗi, kuma za ka ga Kwatano da Lome a hanya. Sai dai ka bi sanannen kamfanin bas, ka tabbatar an buga maka hatimin shiga da na fita a kowace boda, ka kuma san cewa mai sabon fasfo ba ya rasa masu neman na goro. In daga Kano ko Sakkwato za ka taso, ka sa kuɗin zuwa Legas da kwanan can a lissafi kafin ka ce mota ta fi araha.

WAYA

Nan ne gizo ke saƙar. Ni kaina a tafiyata ta farko na manta ban kashe data ba. Kafin mu bar Kwatano, katin da na loda don kiran gida ya tafi gaba ɗaya, ni ko kira ɗaya ban yi ba. Manhajoji ne kawai ke sabunta kansu a aljihuna. Saboda haka tun kana gida ka yi waɗannan:

1. Shiga saitin, ka kashe "Data roaming". Layinka na Najeriya ka bar shi a wayar saboda saƙon banki da lambobin sirri da ake turowa, amma ka tambayi kamfaninka ko an buɗe masa aiki a waje.

2. A Google Maps, taɓa hotonka da ke sama, zaɓi "Offline maps", ka sauke taswirar Accra da duk garin da za ka. Ko babu data, ɗigon shuɗin nan zai nuna maka inda kake, don GPS ba ya buƙatar intanet. Sa wa masaukinka alama tun yanzu.

3. In ta mota za ka bi, sauke Faransanci a Google Translate, don Benin da Togo shi ake yi. Kyamarar manhajar na karanta rubutun allo da takarda.

4. Danna *#06#. In ka ga lambar EID, wayarka na ɗaukar eSIM, za ka iya sayen data ta irin su Airalo kafin ka tashi. Ƙaramar data ka saya ta ranar isa kawai, domin layin can ya fi araha. Ka riƙe fasfonka lokacin sayen layin.

5. In ka sa sabon layi, kar ka canza lambar WhatsApp. Zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambarka. Kunna kariyar mataki biyu, ka kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu.

6. Fawa-bank a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a jakar da za a auna ba. Soket ɗin Ghana irin namu ne mai ƙafa uku, amma Benin da Togo mai ƙafa biyu ne, sai ka riƙe adafta.

KUƊI

Kar ka dogara da katin ATM ɗinka na naira. Dokar amfani da shi a waje na yawan canzawa, ka tambayi bankinka kafin ka tashi. Riƙe tsabar kuɗi, ka raba su gida biyu ko uku. A filin jirgi canza kaɗan kawai na mota, sauran ka bari sai cikin gari, bayan ka duba farashin sidi na ranar a wayarka. In na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi sidi. Kuma kar ka buɗe manhajar banki a kan wayfay ɗin kyauta na otal ko tasha.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye maka ba: Accra na da tsada in ka bi ta inda masu kuɗi ke bi. Osu da East Legon za su tatike ka cikin kwana uku. Nemi masauki wajen Adabraka ko kusa da Nima, karanta ƙorafin waɗanda suka kwana a wurin, ba hotuna kawai ba. Daga filin jirgi kira Bolt ko Uber, ka ga farashi kafin ka shiga. Washegari ka koyi hawa "trotro", ƙananan bas ɗinsu na haya. Matambayi ba ya ɓata.

Abinci kuwa kamar kana gida. Da safe koko da ƙosai, can ma "Hausa koko" suke ce masa. Da rana "waakye", wato shinkafa da wake, sunan ma daga wakenmu ya fito. Da dare tuwon zafi. Ka ziyarci babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, da makwancin Kwame Nkrumah, da kasuwar Makola. Ka ware yini ɗaya ka tafi Cape Coast, kusan kilomita 150, ka ƙarasa Elmina ka ga ginin da Turawan Fotugal suka yi a 1482, inda daga baya aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Wallahi wurin nan sai jikinka ya yi sanyi.

Gargaɗi na ƙarshe, kuma ya fi duk na sama nauyi: kar ka karɓi saƙon kowa a rufe. Ko ɗan unguwarku ne, a buɗe a gabanka. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a wurin hukuma, "ban sani ba" ba ta fitar da mutum.

Hatimin Ghana ba zai ba ka tabbacin bizar wata ƙasa ba, kar wani ya ruɗe ka. Amma za ka dawo ka san yadda ake sayen tikiti, da wuce boda, da canjin kuɗi, da zama a garin da ba naka ba. Ranar da za ka yi doguwar tafiyar, ba wanda zai yi maka kallon baƙauye ya yanka maka farashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.