Kada Ka Bar Kwali Ya Saurara Maka

Daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Garwa zuwa zangon Kumasi, duk shagon kayan sauti da ka leƙa za ka tarar da kwali iri ɗaya. An zana 5000W da manyan lambobi, a gefe kuma wasu ƙananan haruffa huɗu, PMPO, waɗanda ba mai tsayawa karantawa. Magidanci ya biya ya ɗora a babur. Uwar amarya ta biya a jera wa 'yarta a falo. Daga nan sai gardama ta tashi a majalisa: wani ya ce nasa ya fi wat, wani ya ce shi ba ruwansa da lamba, kunnensa ne alƙali. Ina da ja da su duka biyun, domin na farko ya riƙe lambar ƙarya, na biyu kuma ya ba alƙalin da ke karɓar toshiyar baki amana.

Mu fara da lambar. PMPO ba shi da wata ƙa'idar awo da masana suka yarda da ita. Kowane kamfani yana lissafa nasa yadda ya ga dama, a kan ƙarfin da na'ura za ta iya fitarwa na ƙiftawar ido kafin ta sare. Lambar da ake iya kamawa ita ce ta ƙarfin da amfilifaya ke bayarwa a ɗore, wadda aka fi rubutawa da RMS. Wannan zamba tsohuwa ce, har ta sa hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa dole a bayyana ƙarfi mai ɗorewa. Ba ka bukatar digiri kafin ka gano ta. Juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ja daga soket. Idan an rubuta wat 60, daga ina wat 5000 za su fito? Tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa.

Ko da lambar gaskiya ce, ba ta yin abin da mutane ke zato. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, bambancin da sai ka kasa kunne za ka ji. Kafin sauti ya yi kamar ya ninka a kunnenka sai an ƙara kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Mai wat 100 da ke yi wa mai wat 50 kuri a majalisa, kurin banza yake yi.

Sai mu dawo kan mai cewa kunnensa ya ishe shi. Tun a 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida. Idan ƙara ta yi ƙasa, sauti mai kauri shi ke fara ɓacewa. Idan aka murɗa ta sama, sai ya cika ya yi armashi. Saboda haka sifika biyu in aka jera, wadda aka ɗan fi ƙure wa murya ita za ta yi maka daɗi, ko da ita ce mai rauni. Mai shago ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Fletcher ba. Duba yatsansa a kan maɓallin ƙara lokacin da yake gwada maka wadda yake so ya rabu da ita.

Ido ma yana sa baki. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive sun sa mutane sauraron wasu sifikoki a bayan labule, sannan suka yaye labulen aka sake sauraro. Da mutanen suka ga girma da ƙyalli da tsada, sai makin da suka bayar ya canza, manyan masu tsada suka haye sama. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A nan har gurɓata shi yake yi. Binciken Toole na shekaru ya kuma nuna cewa idan aka rufe ido, yawancin mutane sifikar da ba ta ƙari ba ta ragi suke zaɓa. Ashe ma'aunin kirki da kunnen da ba a yaudara ba, bakinsu ɗaya.

Mu da ke aikin rediyo mun san wannan a aikace. Ba mai gabatar da shiri da ke dogara da kunnensa kaɗai. Ido na kan mita, domin bayan awa biyu da abin sauraro a kai kunne ya gaji, abin da ya yi ƙara sai ka ji shi daidai. Amma mita ba ta taɓa gaya wa kowa cewa shiri ya yi daɗi ba. Mai sauraro ne ke faɗin wannan.

A nan ne nake rabuwa da 'yan ƙwaƙƙwafin lamba, masu raina duk na'urar da ba ta kai daga Hz 20 zuwa 20,000 ba. Wannan shi ne iyakar jin yaro mai lafiyar kunne, kuma saman yana zaizayewa da shekaru. Tashar FM kanta a wajen 15,000 take tsayawa. Gajeren zango bai kai rabin haka ba, ga shuu ga ɗaukewa, amma a kansa iyayenmu suka saurari Sashen Hausa na BBC tun 1957, kuma ba wanda ya isa ya ce ba su ji daɗi ba. Dattijon da ke murza kaset ɗin Shata a tsohuwar rikoda yana gyaɗa kai bai yi kuskuren komai ba.

Hasali ma irin kiɗanmu shi ya kamata ya faɗa mana abin da za mu auna. Waƙar Hausa magana ce. Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Barmani Choge da ƙwaryarta, Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa, abin da ake bi a wurinsu shi ne kalma, da habaici, da inda murya ta hau ko ta sauka. Duk wannan a tsakiyar sauti yake zaune, kuma baƙaƙen da ke rarrabe kalma da kalma sun fi fitowa a wajen Hz 2,000 zuwa 4,000. Wufar da ke girgiza kwanukan kabet tana danne wannan wuri. Ka biya kuɗi don ka ji azanci, ka ƙare da jin dum-dum kamar ana daka a maƙwabta.

Akwai kuma ɗakin kansa, wanda ba a rubuta shi a kwali ba. Bangon siminti da daɓen tayil suna mayar da sauti kamar rijiya. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura sautin da ke wajen Hz 43, shi ya sa a kujera ɗaya kaurin ya yi yawa, a wata kuma ya ɓace. Fitar da sifika daga lungu, ka ɗaga ta daidai kunnen mai zaune, ka shimfiɗa darduma, ka rataya labule mai kauri. Sau da yawa wannan ya fi sabuwar na'ura gyara sauti, kuma bai kai kuɗinta ba.

Awo ɗaya ne ba na yarda a yi masa gardama da sunan jin daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 89 awa 5 ke gare ka. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa, kuma jaririn da ke kwance kusa da wufa bai zaɓi wannan ƙara ba, haka ma maƙwabcin da ke da haƙƙi a kanka.

Don haka in za ka kasuwa, tafi da waƙar da ka haddace a wayarka, mai murya ba mai ganga zalla ba. Karanta bayan na'ura kafin gabanta. Sa a daidaita ƙarar guda biyun da kake gwadawa, ka juya musu baya, ka saurara a ƙasa-ƙasa yadda za ka ji a gida bayan isha'i. Wadda ka ji kowace kalma ta fito a cikinta, ita ce taka, ko da kwalinta bai da jan rubutu. Da mudu ake hana mai hatsi cuta, amma ba a taɓa tambayar mudu ko tuwo ya yi daɗi ba.