Fuskar Wa Ake Karantawa a Ƙasar Gobir?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Abin da karin maganar bai fayyace ba shi ne fuskar wa ake tsayawa a tambaya. Binciken masana ƙwaƙwalwa na shekaru ashirin da suka wuce ya nuna cewa ido da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba sa raba hankalinsu daidai tsakanin mutane: sun fi karkata ga wanda ke sama. Abin da ya faru a gabashin Sakkwato ya isa misali.

A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Unguwar Lalle a ƙaramar hukumar Sabon Birni, suka kashe mutum aƙalla 20. A Disambar shekarar aka ƙona matafiya cikin mota a yankin, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne suka rasu. An yi jimami, amma yawancin masu karanta labarin a Kano ko Abuja adadi suka riƙe, ba su riƙe fuska ko suna ba. A ƙarshen Yuli na 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa. Bidiyon da ya fito yana roƙon a cece shi ya zagaye wayoyin Arewa, kuma da labarin kisansa ya zo a watan Agusta, alhinin ya kai inda na kasuwar Unguwar Lalle bai kai ba.

Wani ɓangare na bambancin bidiyon ne ya haifar da shi, domin fuska guda ta fi lissafi ratsa zuciya. Sai dai martabar mai fuskar ma ta yi nata aikin. A 2005 masu bincike a Jami'ar Duke da ke Amurka suka gano cewa birai maza kan haƙura da wani kaso na ruwan 'ya'yan itacen da ake ba su don kawai su kalli hoton fuskar babban biri, amma sai an ƙara musu kafin su kalli na ƙasa da su. A 2008 Caroline Zink da abokan aikinta suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna wani wasa, suka ga sassan da ke kula da mai da hankali da kimanta daraja sun fi motsawa idan aka nuna musu ɗan wasan da aka ce ya fi su.

Ɗaya gefen lamarin ya fi tayar da hankali. Michael Kraus da Stéphane Côté da Dacher Keltner sun ruwaito a 2010 cewa masu ƙaramin matsayi sun fi na sama da su gane abin da fuskar wani ke nunawa. A 2015 Michael Varnum da abokansa suka auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, suka samu cewa amsar farko da take bayarwa ga fuskar mai jin zafi ta fi rauni a wajen masu hali. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ƙasashen Yamma, galibi kan ɗalibai, kuma matsakaicin halin jama'a suke nunawa, ba hukunci a kan kowane mai kuɗi ba. Amma dalilin da masanan suka bayar ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama a zauren hakimi. Wanda abincinsa da tsaronsa ke hannun wani dole ya koyi karanta girar wannan mutumin: yaron shago ya san ranar da maigida ya tashi da ɓacin rai tun kafin ya yi magana. Maigidan kuwa ba ya asarar komai idan bai lura da fuskar yaron ba, don haka ƙwaƙwalwarsa ba ta saba yin wannan wahala ba.

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, inda 'yan bindiga ke ɗora wa jama'a haraji kafin su yi noma ko girbi, wannan ƙwarewa ta zama sharaɗin rayuwa. Manomi na nazarin muryar ɗan bindiga, da fuskar soja a shingen bincike, da yanayin ɗan siyasar da ya zo jaje. Tasa fuskar ce ba ta da mai nazari. Ƙarshen Sarkin Gobir ya ƙara nuna cewa matsayi abu ne na gwadawa: mai rawanin da talakawa ke faɗuwa su gaishe shi ya zama mai roƙo a gaban na sama da shi, kuma roƙon bai kuɓutar da shi ba.

Darasin shi ne kada a jingina tsaron talaka da tausayin manya, domin tausayi na bin inda ido ya sauka, ido kuwa sama yake kallo. Abin da ɗabi'a ba ta yi da kanta, tsari ne zai tilasta shi. Majalisar dokokin jiha na iya wajabta rubuta sunan duk wanda aka kashe ko aka sace, a karanta a zaurenta. Jami'an da ke tsara kasafin tsaro su riƙa zaman sauraron jama'a a Sabon Birni da Isa, ba a Sakkwato kaɗai ba. Kafafen labarai su nemi suna da sana'ar mamaci kafin su buga adadi.

Likita da lauya da ma'aikacin banki da ke karanta wannan ma suna sama da wani. Majinyacin da ya yi shiru a gaban likita, ko matar da ta yi gudun hijira daga Gatawa take bara a bakin titi, sun riga sun karanta fuskar mai wucewa sarai. Mai wucewar ne ke buƙatar tsayawa da gangan kafin ya ga tasu.