A GYARA FITAR 'YAN SIKAWUT, KADA A KASHE TA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman iyaye da malaman makaranta.

Zangon karatu na uku ya ƙare, yara sun shiga dogon hutu, kuma yanzu ne makarantu ke zama su tsara abin da za su yi idan an dawo a watan Satumba. Maganar da ke ta yawo a bakin iyaye da shugabannin makarantu ita ce a soke duk wata fita da yara. A bar 'yan sikawut su yi faretinsu a cikin harabar makaranta, ko ma a rufe ƙungiyar baki ɗaya kowa ya huta. Dalilai biyu ake kawowa: tsaro da tsadar rayuwa. Ni a ganina wannan shawara kuskure ce, kuma a kan 'ya'yan talakawa za ta ƙare.

Kada wani ya ɗauka ina raina tsoron da iyaye ke ji. Wa zai raina? Mun ga Chibok a 2014, inda aka kwashe 'yan mata 276. Mun ga Dapchi a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021, ga Kuriga a Maris na 2024. Duk uban da ya ga waɗannan ya ce gabansa ba ya faɗuwa idan ɗansa ya bar gida, to bai faɗi gaskiya ba. Amma a lura da abu ɗaya: duk yaran nan daga cikin makarantunsu aka ɗebe su, wasu a ɗakunan kwana, wasu a harabar makaranta. Ba wanda aka ɗauka a wajen yawon buɗe ido. Wato hana yara fita ba ya maganin wannan bala'in ko kaɗan.

Inda fita ta jawo asarar rai kuwa, misalin da muke da shi a nan Kano shi ne na Ɓagwai, a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar ruwan Watari. Mutum aƙalla 29 suka rasu, mafi yawansu ƙananan ɗaliban islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Abin da hukumomi suka ce ya jawo shi ne lodin da ya fi ƙarfin jirgin. Darasin da ke ciki a bayyane yake: fitar da ba a tsara ta ba ita ce ke kashewa. Kuma tsari shi ne ainihin abin da ake koyarwa a sikawut.

Bari in faɗa muku abin da wata ƙungiyar sikawut ta wata makarantar gwamnati a unguwarmu ta yi a zangon nan da ya ƙare. Ɗana yana cikin ƙananansu, 'yan firamare, waɗanda ake kira 'yan kob, don haka na bi abin tun daga farko.

Makonnin farko ba inda suka je. A gindin darbejiyar makaranta suke taruwa ranar Asabar da safe. An kasa su rukuni-rukuni, ƙananan shida-shida, kowane rukuni da shugabansa a cikin yaran. Suka koyi ƙulle-ƙullen igiya, da gane gabas da yamma ba tare da waya ba, da zana taswirar hanya daga gidansu zuwa makaranta. Kowane yaro sai da ya haddace lambar wayar babba ɗaya na gidansu. Ku gwada tambayar yaranku wannan a daren yau, ku ga nawa ne za su iya.

Daga nan aka shiga taimakon gaggawa. Wata ma'aikaciyar jinya daga cikin iyaye ta zo kyauta. Yaran suka koyi cewa idan mutum ya ƙone, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin na tsawon kamar minti 20, ba a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja. Idan haɓo ne, a sunkuyar da kai gaba a matse hanci, ba a ɗaga kai sama. Idan gudawa ce, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wallahi manya nawa ne a cikinmu, da digirinmu da komai, suka san waɗannan daidai?

Fitarsu ta farko Dutsen Dala ce, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Suka hau, aka nuna musu Goron Dutse da inda badala ta bi ta kewaye gari, aka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura. A cikin yaran akwai waɗanda aka haifa a Kano, suna hango dutsen nan kullum daga adaidaita sahu, amma ba su taɓa taka shi ba. Fita ta biyu Gidan Makama, gidan tarihin da asalin gininsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Daga can suka zarce marinar Ƙofar Mata, suka ga yadda ake haɗa baba da toka a rina zane. Fita ta uku ofishin 'yan kwana-kwana, inda aka nuna musu abin da ake yi idan tukunyar gas ta kama, da dalilin da ya sa ba a watsa ruwa a wutar mai.

Ranar 27 ga Mayu suka yi faretin ranar yara. Kafin damina ta kankama suka yashe kwatar da ke gaban makaranta, manya da shebur, ƙanana da buhunan kwashe leda. Da ruwa ya zauna suka dasa itatuwa, kowane rukuni da nasa da zai kula da su. Aka rufe zangon da kwanan sansani na dare ɗaya, a cikin harabar makarantar, bayan an sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, wasu iyaye maza kuma suka kwana a wurin. Yaran suka kafa tanti, suka hura wuta, suka dafa taliyarsu da kansu, suka wanke tukwane, suka yi sallah cikin jam'i.

To a nan ina daji? Ina doguwar tafiya? Duk wuraren nan a cikin birni suke. Ba wanda ya ce a kai yara dajin Falgore ko a bi da su hanyar da manya ma ke shakkar bi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sikawut ɗin da iyayenmu suka yi, na kwana uku a daji, ba zai yiwu a wurare da yawa ba yanzu. Amma wanda za a yi tsakanin Dala da Ƙofar Mata yana yiwuwa, ga shi kuma an yi.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ruwa. An koya musu cewa idan abokinka ya faɗa kududdufi, kada ka bi shi. Ka yi ihu, ka miƙa masa gora ko igiya, ko ka jefa masa jarka marar komai a rufe. Duk damina sai mun ji sanarwar an ciro gawar yaro daga kududdufi ko tsohon ramin da aka haƙi ƙasa, wani lokacin ma har da wanda ya shiga ceto. Yaran nan fa ba makaranta ce ta kai su ba. Da ƙafarsu suka je, ba babba, ba ilimin abin da za su yi. Yaro zai fita, ko mun so ko mun ƙi. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ya fita tare da malami da usur da kiran suna, ko ya fita tare da wanda ya samu a bakin layi.

Kuma mun san su waye a bakin layin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna ta'ammali da ƙwaya. Kullum muna kukan daba da ƙwacen waya. Ku dubi abin da daba ke ba yaro: abokai, shugaba, suna, da jin cewa shi ma wani ne. Ai su ne dai abubuwan da rukunin sikawut ke ba shi, sai dai wannan da igiya da bandeji, wancan da wuƙa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai maganar kuɗi. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin hayar mota ya zama abin da ya zama. Ni ma ɗan albashi ne, na san yadda ashirin ga wata take. Amma abin da ke korar ɗan talaka daga sikawut yawanci yunifom ne: riga, wando, hula, bel, takalmi. Ƙungiyar da nake ba ku labari ta yanke cewa ƙyallen wuya kaɗai ya wadatar, a ɗaura a kan kayan makaranta. Waɗanda suka girma suka bar wa na baya nasu. Fita ɗaya ce kawai aka yi hayar bas, sauran a ƙafa ko a motocin iyaye. Makarantun kuɗi kuwa ba za su daina fita da ɗalibansu ba, suna da motocinsu, iyaye za su biya. Idan aka soke, ɗan makarantar gwamnati ne kaɗai zai gama firamare bai taɓa shiga gidan tarihin garinsu ba.

Akwai masu cewa ai abin Turawa ne. Eh, Bature ne ya kafa, Robert Baden-Powell, sojan Ingila, wanda har ya shiga yaƙin da aka kai wa Asante a ƙasar Gana ta yau. A 1907 ya tara yara kimanin 20 a tsibirin Brownsea ya gwada tsarin, a 1916 aka buɗe sashen ƙanana, Najeriya kuma abin ya iso ta tun 1915. Ba mai musun wannan tarihin. Amma yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan sikawut a duniya ita ce Indonesiya, wadda Musulmi suka fi rinjaye a cikinta. Duk wanda ya je aikin Hajji ya ga 'yan sikawut na Saudiyya a Mina da Arfa suna raka alhazan da suka ɓata zuwa tantunansu. A gida kuma muna da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da Boys' Brigade a coci-coci, duk horo iri ɗaya ne na tsari da hidima. Wanda ya fi natsuwa da ɗaya daga cikin waɗannan ya sa ɗansa a can. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya tashi ba ko ɗaya.

Tsoro ɗaya ne nake so iyaye su ƙara, maimakon su rage: wa muke damƙa wa yaranmu? A Amurka, ƙungiyar sikawut ta ƙasar ta shigar da takardar karayar arziki a Fabrairun 2020 saboda ƙararrakin cin zarafin yara, masu ƙorafi suka haura 80,000. A Koriya ta Kudu, babban taron sikawut na duniya na 2023 ya rikice saboda tsananin zafi da ƙarancin shiri, ɗaruruwan yara suka kwanta rashin lafiya, daga baya aka kwashe kowa daga filin saboda guguwa. Kaki da ƙyallen wuya ba sa mai da mutum amintacce, kuma suna ba ya maye gurbin shiri.

Don haka kafin ka bar ɗanka ya bi kowace fita, ka tambaya. Ina za a je, ƙarfe nawa za a dawo? Manya nawa ne za su raka su? Ƙa'ida ita ce kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko da minti biyar, kuma idan akwai 'yan mata dole a samu malama mace. Akwai takardar amincewa da iyaye ke sa hannu? Ana kiran suna kafin tashi, da bayan isa, da kafin dawowa? Wace mota ce, mutum nawa take ɗauka, nawa za a zuba? Akwai akwatin magani da ruwan sha? Idan shugaban ƙungiya ya ji haushin waɗannan tambayoyin, ɗauke ɗanka. Idan ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, to ka taimaka masa, domin yawancin malaman nan ba a biyansu ko sisi a kan wannan aikin, Asabar ɗinsu suke sadaukarwa.

Ga hukuma kuma. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Gina ajujuwa da ɗaukar malamai su ne kan gaba, ba gardama. Amma akwai abubuwan da ba sa buƙatar kwangila. Takarda ɗaya daga ma'aikatar ilimi mai ɗauke da ƙa'idojin fita da ɗalibai za ta cire wa shugabannin makarantu fargabar cewa in wani abu ya faru su kaɗai za a kama. A yafe wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin shiga wuraren tarihi a ranakun da aka ware. A tantance duk wanda zai jagoranci yara, a horar da shi taimakon gaggawa. A sanya wannan hidimar cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girman malami. Mu da ke aikin ofis mun san irin wannan fayil ɗin ba ya cin mako biyu idan akwai mai bibiyarsa.

Mu kuma iyaye, idan an kira taron iyaye da malamai a Satumba, mu je. Wanda ke da mota ya ba da ita rana ɗaya a zango. Likita, ma'aikaciyar jinya, kafinta, tela, tsohon soja, kowa yana da abin da zai koya wa yara a awa ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka kawo shawarar soke fita, ku miƙe ku nemi a kawo ƙa'idojin fita a maimakonta.

Idan akwai irin wannan ƙungiya a makarantar yaranku, ku faɗa mana abin da suka yi a zangon nan da yadda suka shawo kan tsaro da kuɗin mota, ko wasu za su ɗauki darasi. Allah ya tsare mana zuri'a, ya shirya mana su, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.